Albarushin kasko: me ke sa wata adakar ta tashi nan take, wata ta tsaya nawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya san ƙarar nan da ke girgiza ƙirji kafin Sarki ya ɓullo, da farin hayaƙin da ke turnuƙe wuri har a daina ganin kan doki. 'Yan bindigar Sarki ke nan. Abin takaici, yau a ƙasar Katsina in ka ce 'yan bindiga sai hankali ya tafi daji, alhali sunan na bayin fada ne tun kafin a haifi kakannin ɓarayin. To, in ka lura da kyau cikin sahun, za ka ga wani ya ɗaga tasa ta amsa nan take, wani kuwa sai ka ji ƙyas, ka ga ɗan tartsatsi, shiru na ƙiftawar ido, sannan bindigar ta tashi. Wani ma sai dai hayaƙi ya fito ta gefe, cikin bai ci ba, yara su yi ta dariya.

Yawancin bindigogin toka da ke hannun mutane yanzu ba na dutsen ƙanƙara ba ne, 'yar hular tagulla ake ɗora musu, kunama, wato ƙarfen da ke saukowa in an ja bindiga, ta fasa. Maganata a kan ta asalin ce, mai ƙanƙara da ƙyastu, wadda ake zuba wa albarushi wuri biyu: mai yawa a cikin bututu, ɗan kaɗan a wani ɗan kasko da ke gefe. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne ake ta gardama a kansa, daga tsofaffin maharbanmu har Turawan Amurka da suka mai da harbin irin wannan bindiga wasa da sana'a. Wane iri ya kamata a zuba? Mai laushi kamar garin tuwo, ko mai tsaki-tsaki irin na ciki?

Sai an fahimci yadda wutar ke tafiya sannan tambayar za ta yi ma'ana. Kakanninmu da ke kunna wuta da ƙyastu da ƙanƙara sun riga sun san rabin labarin. Kunamar bindiga tana riƙe da ƙanƙara a bakinta. In aka ja, sai ta sauko da ƙarfi ta karci wani ƙarfe da ke tsaye gabanta, shi ne ƙyastun. Wannan ƙarfen kuma shi ne murfin kasko, don haka bugun da ya fitar da wuta shi ne ya buɗe kaskon. Mutane da yawa na zaton dutsen ne ke tartsatsi. A'a, ƙarfen ne. Kaifin ƙanƙara ke yanko 'yan mitsi-mitsin ƙarfe, zafin gugar ya mai da su garwashi, su zubo kan albarushin kasko. Shi kuma ya kama, zafinsa ya ratsa wata 'yar kafa da ke jikin bututu, wadda faɗinta bai wuce milimita ɗaya da rabi ko ɗoriya kaɗan ba, ya tashi albarushin ciki. In komai ya daidaita, duk wannan ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

A Faransa aka kammala wannan ƙira a farkon shekarun 1600, ana danganta ta da wani maƙerin sarki mai suna Marin le Bourgeoys. Ta yi mulkin fagen fama kusan shekara ɗari biyu, har wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar wata sabuwar hanyar tayar da bindiga a 1807, wadda daga baya ta haifi 'yar hular tagulla. Turawa suka yar da ƙanƙara, mu kuwa aka bar mu da ita da gangan. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Burasal a 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara marar zare a bututu da albarushin fatauci. Shi ya sa masu fasa ƙanƙara na garin Brandon a Ingila suka ci gaba da samun kasuwa a Afirka har cikin ƙarni na ashirin, bayan sojan ƙasarsu ya daɗe da mantawa da su. Ba kuma komai ne ake jira daga teku ba: nan arewa da Daura, Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a cikin garinsa.

Albarushi baƙi abu uku ne: wani gishiri da ake kira fotasiyam naitiret, gawayi, da farar wuta. Kimanin kashi 75, 15 da 10 cikin ɗari. Abin da ke kasko da abin da ke ciki duk haɗi ɗaya ne, girman ƙwaya kawai ya raba su. A masana'anta ana danne haɗin ya zama dunƙule, a farfasa, a tankaɗe da rariya iri-iri, kamar yadda mata ke raba tsaki da gari. Amurkawa suna yi wa kowane tankaɗe lamba da harafin F. Mai F ɗaya, wato Fg, shi ne mai manyan ƙwayoyi, sun haura milimita ɗaya, na manyan bindigogi masu faɗin baki. FFg na bin sa, shi ake ɗura wa masu faɗin rabin inci zuwa sama. FFFg na ƙananan baki ne da bindigar hannu. Sai FFFFg, wanda ƙwayarsa ba ta kai rabin milimita ba, shi kuma aikinsa ɗaya: kasko. Masana'antar Aubonne ta ƙasar Suwizalan tana da wanda ya fi wannan ma laushi, suna kiransa Null B. Su lambarsu ta gida a juye take, lamba 1 ita ce mai laushi, lamba 5 mai tsaki, don haka wanda ya saba da lissafin kamfanin GOEX na Amurka yana iya ruɗewa. Ko lambar ta zo ɗaya ma, FFFg na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, domin gawayin da kowa ke amfani da shi daban ne.

Dalilin da ya sa ake son mai laushi a kasko, duk matar da ta taɓa hura murhu ta san shi. Ƙirare ke fara kamawa, ba gungume ba. Albarushi daga bayan ƙwaya yake ci zuwa ciki, to in ka raba ƙwaya ɗaya gida goma, ka yawaita wuraren da tartsatsi zai iya taɓawa, ka kuma rage lokacin da kowace za ta ƙone. Tartsatsin da zai faɗa tsakanin manyan ƙwayoyi ya mutu, in ya faɗa kan gari sai ya sami abin kamawa. Wannan gaskiya ne, babu ja.

Inda nake da ja shi ne yawan ribar. Akwai masu sha'awar abin a Amurka da suka auna da na'urar ƙidayar lokaci da kyamara mai saurin ɗauka. Sun tarar mai laushin yana gaba, amma tazarar ba ta wuce 'yan kashi cikin ɗari na daƙiƙa ba, abin da kunnen mutum ba ya iya rarrabewa. Ga mai gasa, wanda ke tsaye da bindiga a kafaɗa yana nufin ɗigo a takarda, wannan tazara kuɗi ce, domin bakin bindiga ba ya tsayawa cik, kowane ɗan jinkiri yana kautar da harsashi. Irin waɗannan su ke cika garin Friendship na jihar Indiyana, inda ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta Amurka, wadda aka kafa a 1933, ke taronta. Amma ga maharbin da ya laɓe wa zomo ko zabon daji, ko ɗan bindigar fada da babu ma harsashi a tasa sai albarushi da tsumma, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Asarar kuwa tana nan tana jira.

Asarar ita ce raɓa. Abin da ya sa gari saurin kama wuta, shi ne dai ke sa shi saurin shan laima. Ku dubi gishiri a kwano cikin watan Agusta: mai laushi ke fara dunƙulewa. Ƙari a kan haka, masu tsakin galibi ana goge su a masana'anta har su yi santsi, wani lokaci a shafe su da baƙin sinadarin nan na bakin fensir, abin da ke ɗan kare su. Sai kuma babbar matsalar, tokar da harbi ke bari. Fiye da rabin abin da albarushi baƙi ke zama in ya ƙone ba iska ba ne, dauɗa ce da hayaƙi, kuma wannan dauɗa tana jan ruwa daga iska fiye da albarushin kansa. Ka yi harbi biyu da safiyar marka ka bar kasko ba gogewa, ka dawo ka tarar ya yi baƙin gumi. Zuba gari mai laushi a kai, cikin ɗan lokaci ya zama kunu.

Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi farauta a dazukan yammacin Katsina tun ana shiga lafiya a fito lafiya. Ina yaro na taɓa ganin yana goge kaskon adakarsa da gefen rawani, yana tsokace 'yar kafar da ƙaya, ya zubar da albarushin da bai ko harba ba ya sa sabo. Na ce, Kawu, wannan ai ɓarna ce. Ya dube ni ya ce, yaro, wanda na zubar bai kai cikin farce ba, naman da zai sa in rasa kuwa ya cika tukunya. Batta ɗaya yake ratayawa. Abin da ya ɗura a ciki, shi yake ɗan barbaɗawa a kasko, rani da damina.

Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne. Sojan Ingila mai riƙe da Brown Bess, bindigar da faɗin bakinta ya kai kashi uku cikin huɗu na inci, ba ya ɗauke da albarushi iri biyu. Ana ba shi ƙunshin takarda mai albarushi da harsashi, ya yage da haƙori, ya zuba kaɗan a kasko ya rufe, ya juye sauran a bututu. Da haka ƙwararre ke harbi uku a minti ɗaya, kuma da wannan albarushi mai tsaki aka yi yaƙe-yaƙen zamanin Nafoliyon, sarkin Faransa. Kaskon nasu babba ne, ƙanƙarar babba, tartsatsin kamar na maƙera, don haka ba su bukaci gari ba. Yau ma a jihar Fensilbaniya, inda tun 1974 aka ware wa masu bindigar ƙanƙara lokacin farautar barewa na musamman bayan Kirsimeti, cikin sanyi da laima, maharba da yawa FFFg suke zubawa ciki da kasko, su huta da ɗaukar ƙahon albarushi biyu.

Mu namu yanayin iri biyu ne masu hannun riga, kuma Sallah tana zagayawa cikinsu tunda kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Babbar Sallar 2018 a tsakiyar marka ta faɗo, cikin Agusta. Wata shekarar kuma za ta zo cikin hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, fata ta yi furu-furu. A hunturu laima ba abin damuwa ba ce, gari mai laushi zai yini a kasko garau. Abokin gabarsa a lokacin iska ce. In murfin kasko bai zauna daram ba, kuma na ƙirar gida da wuya ka sami wanda ya zauna, mai laushi zai riƙa tsiyaya ta gefe in ana tafiya ana girgiza bindiga, ko iska ta kwashe shi tun kana zubawa. Ka zo harbi ka tarar da kasko wayam. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: bindiga ba ɗuri, a rufe murfin a ɗaga wajen haske. In haske na ratsowa, gari ma zai ratsa, ruwa ma haka.

Don haka in an tambaye ni, cewa zan yi mai laushi na rani ne da wurin gasa, matsakaici na damina ne da yawon daji, kuma wanda ba shi da hali sai na iri ɗaya, ya riƙe matsakaicin, domin yana aiki a wuri biyun. Akasin haka kuwa ba ya yiwuwa. FFFFg ba na ɗuri ba ne. Saurin cinsa yana tayar da matsi a cikin bututu fiye da kima, masu yin sa ma na kasko suka ce. Bututun da aka ƙera da ƙarfe mai kyau yana iya jurewa, amma wanda aka yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, a hannun mai shi zai fashe.

Yanzu ga abin da na fi so a ji. Yawancin jinkirin da ake ɗora wa albarushi ba laifinsa ba ne. Farko ƙanƙara: in bakinta ya dakushe, ko ta yi sako-sako a bakin kunama, ba za ta yanki ƙarfe ba, sai dai ta dangwale shi. Shi ya sa ake naɗe ta da 'yar fata ko dalma kafin a ɗaure, a kuma riƙa ɗan fasa bakin don sabon kaifi ya fito. Na biyu ƙyastu: in ƙarfen bai sha wuta daidai ba, ya yi taushi, dutsen zai nutse a ciki ba tartsatsi, in ya shafi mai ko maiƙon hannu, dutsen ya zame. Na uku kafa: in toka ta toshe ta, kasko zai ci fuu, cikin ya yi shiru. Wanda waɗannan uku suka daidaita masa, ko da FFg ya yi kasko bindigarsa za ta tashi. Wanda ba su daidaita masa ba, ko Null B aka kawo masa daga Suwizalan, wahala kawai.

Sai yawan da ake zubawa, inda kusan kowane sabon shiga ke kuskure. Zuciya na raya masa cewa in ya cika kasko fal wutar za ta fi ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne albarushin ya rufe kafar, wuta ta koma ci sannu a hankali tana bin hanya kamar lagwani, maimakon zafi ya faɗa ciki gaba ɗaya. Nan ake samun ƙyas, fuu, sannan daram. Turawa da ma'aunin giren suke auna albarushi, giren 7,000 ke yin fam ɗaya na nauyi, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. 'Yan battocin tagulla da suke sayarwa don kasko, masu baki mai sifirin, kusan giren uku suke saki a dannawa ɗaya. A ido, sulusin kasko ne zuwa rabi, a ƙasa da kafar, ba a kanta ba. An daɗe ana koya wa mutane su karkata bindiga albarushin ya taru can nesa da kafa, wai wuta ta fi tsalle. Masu awon nan da na ambata sun tarar kusa da kafar ya fi sauri, muddin ba a toshe ta ba. Yawan zubawa kuma yana ƙara harshen wutar da ke tashi dab da ido, shi ke koya wa mutum runtse ido da kautar da kai tun bindiga ba ta tashi ba, ɗabi'ar da in ta kama maharbi da wuya ta sake shi.

Akwai abubuwan da ake sayarwa a madadin albarushi baƙi, irin su Pyrodex da ya fito a tsakiyar shekarun 1970 da Triple Seven da ya biyo baya. An yi su ne don su rage dauɗa su kuma sauƙaƙa ajiya da sufuri, kuma suna bukatar zafi mai yawa kafin su kama. A bindigar hula suna aiki. A kaskon ƙanƙara kuwa tartsatsi sai ya zuba a kansu su yi biris, ko su kama a makare. Waɗannan dai ɓata rai kawai za su yi. Masu kisa su ne dabarun da ake yi a nan gida: a fasa harsashin bindigar zamani a juye garinsa marar hayaƙi a adaka, ko a kankare kan ashana, ko a kwance abin wasan wutar nan na yara a haɗa. Garin harsashin zamani matsinsa ya ninka abin da aka ƙera bindigar toka ta ɗauka. Kan ashana kuma guga kaɗai na iya tayar da shi, wato sandar ɗuri ma ta isa. Haka daka albarushi a turmi ko murza shi da cokali don a sami mai laushi: ribar da ake nema ta kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ce, abin da aka sa a caca kuwa yatsu ne da idanu.

Tsarin ɗuri ma yana da nasa hukunci. Sojan da na ambata kasko yake fara yi sannan ya ɗura ciki, domin gaggawar yaƙi, kuma an yi asarar hannaye da yawa ta haka. Wanda ba a fagen fama yake ba, ciki zai fara, kasko ya zo ƙarshe, kunama tana rabin ɗanawa. Ba a juya albarushi daga batta ko ƙaho kai tsaye cikin bututu, sai an auna a wani ɗan mazubi, domin in akwai sauran garwashi a ciki wutar za ta hau har battar da ke hannunka. In kasko ya ci bindiga ba ta tashi ba, ba a leƙa baki, ba a sauke ta wajen jama'a. A bar bakin inda yake na ɗan lokaci, don wani lokacin wutar na nan tana ci a ɓoye. Bindigar ƙanƙara ma tana iya tashi ba komai a kasko, in tartsatsi ɗaya ya yi sa'ar faɗawa kafa. Ga 'yan sahun hawa kuma akwai ƙarin abu: duk harbi, kafar nan tana feso wuta da tsakuwar toka ta gefen da kasko yake, yawanci dama. Wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da kai ta wannan ɓangare shi ke sha a kunci, kuma kafar tana ƙara faɗi da tsufan bindiga.

Ta fuskar hukuma, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigogin ɗuri a rukuninsu daban, ta ambaci ta ƙanƙara da ta hula, kuma ikon tsara lasisinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Ba don ta gado ce ko don maƙerin unguwa ya ƙera ta ba za a ce ta fita daga doka, balle a wannan zamani da ganin mutum da bindiga a hanyar Batsari ko Jibiya ya isa tayar da hankalin gari.

Adakar kawun nan nawa tana nan rataye a zauren gidansu, ƙotar ta sha hannu har ta yi baƙi tana ƙyalli. Ƙanƙarar da ke bakin kunamarta baƙa ce mai kusurwa huɗu, irin fasawar Ingila, an naɗe ta da guntun jar fata. Da na je gaisuwar Sallah na ɗaga murfin kaskon, na tarar zanzaro ya yi gini a ciki.